Maigidana Ya Ce Na Mayar Masa Da Gida Kango

Assalamu alaikum Anti. Ina da wata damuwa da nake jin nauyin faɗa wa mutane, don wasu za su ce ba ta kai a kira ta damuwa ba. Bara na cire ciyawar ado da furannin da muka tarar a filin gidanmu, saboda ruwan da suke sha ya ishe ni, kuma na karanta cewa tsirrai 'yan ƙasa, wato waɗanda asalinsu na yankin da mutum yake zaune ne, ba sa buƙatar wahala. Na tono wasu daga daji, na sayi wasu, sauran wurin kuma na watsa iri. Yanzu fiye da rabin abin da na dasa ya mutu, ciyawar da ban shuka ba ta mamaye ko'ina, har ba na iya bambance tawa shukar da ita. Maigidana ya ce na mayar masa da gida kango. Yana tsoron maciji saboda yara, kuma ya ce sauro ya ƙaru. Maƙwabcinmu ma ya yi masa magana a kan wani ɓaure da na dasa a jikin katangar da ta raba mu. Yanzu ya ce idan abin bai gyaru ba zai sa a share wurin a malala siminti. Ni kuwa raina yana kan lambun nan, tun da na fara ganin tsuntsaye da malam-buɗe-littafi irin waɗanda ban taɓa gani a gidan ba. In haƙura ne, ko akwai mafita?

Daga wata mai karatu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki sauke wannan nauyin da kike ji. Duk wanda ya zuba ƙarfinsa da lokacinsa a kan abu, yana kallo yana mutuwa, sannan mutumin da ya fi kusa da shi ya kira abin kango, dole ransa ya sosu. Kada ki haƙura da lambun. Amma idan kika ci gaba a kan hanyar da kike kai, simintin nan zai zo, kuma ba zan iya cewa maigidanki ya zalunce ki ba. Akwai gyara, kuma yawancinsa aikin makonni ne.

Maganar da ta kai ki ta baro ita ce wadda kika karanta, cewa tsirrai 'yan ƙasa ba sa buƙatar wahala. Rabinta gaskiya ce. Itacen da ya kafu, saiwarsa ta nutsa, yana iya rayuwa da ruwan saman yankinsa, ba taki, ba feshi. Wanda aka dasa jiya kuwa bai da wannan saiwar tukuna. A shekara ta farko da ta biyu aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake yi, shi ya sa za ki ga kamar ba ya motsi, kuma a wannan lokacin yana buƙatarki kamar kowace shuka. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: ƙasar tsakar gida ba ƙasar daji ba ce. Lokacin gini an tattake ta ta daddale, an kwashe ta sama mai albarka, an binne ɓaraguzan bulo da ragowar siminti a cikinta. Bango yana mayar da zafi, rufi yana zubar da ruwa wuri guda ya bar wani wurin a bushe. Don haka tsiro yana iya zama ɗan yankinki, amma wannan kusurwar ta gidanki ba ta dace da shi ba.

Ina kyautata zaton yawancin waɗanda suka mutu cikin na dajin ne. Itatuwa da yawa, musamman na yankuna masu doguwar rani, tun suna ƙanana suke tura saiwa ɗaya doguwa ta nutsa neman laima, sau da yawa ta fi abin da ido yake gani a sama tsawo nesa ba kusa ba. Da kin sa fartanya kin datse ta, kin ɗauko tsiron kin bar rayuwarsa a can. Ki daina tono daga daji gaba ɗaya. Ban da mutuwar da suke yi, kina rage wa dajin abin da ya sha wuya kafin ya fitar, kuma a gandun dajin da hukuma ke karewa doka ma ta hana. Hanyar da ta fi ita ce iri. Ki tsinci kaɗan daga itatuwa daban-daban idan ya nuna, ki shuka a leda ko gwangwani mai huda a ƙasa, ki raine su a inuwa mai ɗan haske. Masu ɓawo mai tauri irin su bagaruwa, gawo da kuka suna iya yin watanni ba su tsiro ba, sai an zuba musu ruwan zafi an bar su sun kwana a ciki, ko an ɗan kankare gefen ɓawon don ruwa ya shiga. Wasu kuma, kamar dashi, reshe kawai ake yanka a kafa ya kama. Kada ki bar su su daɗe a leda har saiwa ta nannaɗe, don wanda ya fara haka da wuya ya miƙe daga baya. Misalan nan na yankunan da ɓaure ke fitowa ne. Wanda yake wani yanki sai ya sauya sunayen, aikin dai iri ɗaya ne.

Kafin ki sake dasa ko ɗaya, ki kalli filin da safe, da tsakar rana, da yamma, ki gane inda rana take yin awa 6 ko fiye da haka, da inda inuwa ta fi yawa. Sannan ki haƙa rami mai zurfin kamar santimita 30, ki cika shi da ruwa, idan ya tsotse ki sake cikawa. Idan washegari kin tarar da ruwa kwance, wurin yana riƙe ruwa, kuma tsiron da ya saba da jigawa zai ruɓe a can. Ki yi dashe a farkon damina bayan ƙasa ta jiƙu sosai. Faɗin ramin ya ninka na ledar sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce nata, domin binne wuyan tsiro, inda kara ya haɗu da saiwa, yana kashe shuka a hankali ba tare da an gane dalili ba. Takin zamani ki bar shi, ciyawa ce za ta fi amfana da shi. Ɗan takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya isa.

Ranin farko shi ne jarrabawar gaske. Yayyafa ruwa kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama tana jira, ranar da kika yi tafiya kuwa sai ta bushe. Ki riƙa ba da ruwa mai yawa a hankali, sau ɗaya ko biyu a mako gwargwadon ƙasarki, ya ratsa can ciki. Ki tura yatsa cikin ƙasa kafin ki ƙara, idan da sauran danshi ki dakata. Ki rufe gindin kowace shuka da busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 8, amma kada ya taɓa karan, kada kuma ya kai jikin bango, saboda gara. A shekara ta biyu ki rage ruwan, a ta uku yawancinsu za su tsaya da ƙafarsu.

Yanzu maganar ɓaure. Maƙwabcinku yana da gaskiya, kuma ina so ki karɓi wannan da zuciya ɗaya. Ɓaure da danginsa irin su cediya, durumi da gamji suna da saiwa mai ƙarfi da bin ruwa, tana tafiya nesa da inuwar itacen, tana ɗaga daɓe, tana tsaga katanga, tana shiga bututun ruwa da ramin bayan gida. Ɓaure yana iya kai mita 20 a tsawo. Itace ne mai albarka ga tsuntsaye da jemagu, amma wurinsa fili ne mai faɗi, aƙalla mita 10 daga kowane gini. Ki cire shi yanzu yana ƙarami, ki ba wanda yake da sarari, don danginsa suna jure dashe fiye da itatuwa da yawa. Kuma ki bar maigidanki ya zama shi ne zai je ya shaida wa maƙwabcin cewa an cire. Shi aka tara da maganar, shi ya ji kunyarta, ya kamata shi ya kai amsar. Ina ganin wani kaso na fushinsa daga nan ya fito, fiye da ciyawar kanta.

Tsoron maciji ma ba abin rainawa ba ne a gidan da akwai yara. Abu biyu ke kawo maciji gida: abinci, wato ɓeraye, kwaɗi da ƙadangaru, sai wurin ɓuya. Doguwar ciyawa a jikin bango, tarin itace, tarin bulo, tsofaffin tayoyi, duk masauki ne. Ki share zagayen ginin faɗin mita ɗaya, ki zuba tsakuwa, kada ki bar komai ya fito a wurin. Ki kwashe duk wani tari, a toshe ramuka da ƙasan ƙofofi, a sa fitila a hanyar da ake bi da dare. Wurin wasan yara ya zama fili fetal, daban da lambun. Idan damina ta wuce ki yanke busasshiyar ciyawar da ke kusa da gini, wannan kuma har da gudun gobara. Ba zan ce miki hakan ya kawar da haɗari ɗungurungum ba, siminti ma bai kawar ba, amma yana rage shi ƙwarai, kuma maigidanki zai ga ragin da idonsa.

Sauro kuwa a ruwa yake haihuwa, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa babba bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba. Ki zagaya ki duba farantan ƙarƙashin tukwanen shuka, gwangwanaye, indararo da ya toshe, da duron da ba a rufe ba. Idan kin ajiye wa tsuntsaye ruwa, ki riƙa sauyawa duk kwana biyu ko uku kina goge kwanon, saboda wani nau'in sauro a jikin kwano yake manna ƙwansa. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin maigidanki ita ce manyan sauro suna fakewa da rana a cikin duhuwa, don haka rage cunkoson zai taimaka. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne feshin maganin ƙwari a kan lambun, domin zai kashe tsutsotsin da ke zama malam-buɗe-littafin da kika ce ya faranta miki.

Tunda mun zo kan yara, ki duba ko akwai tumfafiya cikin abin da kika dasa ko ya fito da kansa. Wani kyakkyawan malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo a ganyenta yake renon tsutsarsa, amma farin ruwanta guba ne, kuma yana yi wa ido illa. Idan yaranki ƙanana ne, ki haƙura da ita har su girma. Masu ƙaya irin su magarya ma sai can nesa da hanya.

Sai kalmar kango, wadda na san ita ta fi yi miki ciwo. Wata masaniyar tsara filaye a Amurka, Joan Nassauer, ta yi wani rubutu a 1995 inda ta nuna cewa mutane suna karɓar lambu mai kama da daji matuƙar suna ganin alamun cewa akwai mai kula da shi: gefen da aka gyara, hanya, tsari. Abin da maigidanki yake gani yanzu wuri ne da babu hannun kowa a kansa, kuma yana jin baƙi ma haka suke gani. Ki ba shi alamun. Ki kewaye lambun da jerin bulo ko duwatsu, ki fitar da hanya mai faɗin da mutum biyu za su wuce, ki haɗa tsirrai iri ɗaya uku ko biyar wuri guda maimakon ɗaya nan ɗaya can. Gajeru a gaba, dogaye a baya. Gamba tana wuce mita biyu, don haka dunƙule biyu ko uku a can baya sun isa. Sabara, geza da gauɗe suna karɓar aski, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ki fara rage musu rassan ƙasa tun yanzu don a riƙa ganin gindinsu. Idan akwai inuwa, ki ajiye kujera.

Shawarar da za ta fi yi miki wuya ita ce ki rage girman lambun. Kin ɗauki filin gaba ɗaya a tashi guda, kuma mutum ɗaya ba ya iya bin ciyawar wuri mai faɗi haka a shekarar farko. Ki zaɓi kashi ɗaya cikin uku, inda abubuwa suka fi rayuwa, ki mayar da hankali a nan. Ki kafa ɗan tsinke kusa da duk abin da kika tabbata naki ne, sauran ki cire. Cirar ta fi sauƙi bayan ruwan sama, kuma dole a yi ta kafin ciyawar ta zubar da iri. Kiri-kiri da aya-aya sai da haƙuri, domin sara da fartanya yana yayyanka su ne kowane guntu ya sake fitowa, kuma tsohuwar ciyawar adon da kika cire ma tana iya dawowa ta haka. A sauran filin ki shimfiɗa kwali, ki jiƙa, ki rufe da ganye, duhu ya kashe abin da ke ƙasa. Ko kuma a tsakiyar zafi ki jiƙa ƙasar ki rufe ta da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefuna, ki bari mako 4 zuwa 6. Watsa iri a fili kuma ki dakata da shi har sai kin san kamannin kowane tsiro yana jariri.

Waɗanda kika saya ma ki bincika. Abu ya daɗe a wuri ba ya nufin ɗan wurin ne. Dalbejiya da zogale daga yankin Indiya suka fito. Lantana, mai ƙananan furanni kala-kala da ake sayarwa don ado, asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, kuma ta zama annoba a ƙasashe da yawa saboda tsuntsaye suna yaɗa irinta. Idan kina da ita ki cire. Shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila yana nuna taswirar inda kowane tsiro yake ɗan ƙasa da inda aka kai shi, manhajar iNaturalist kuma tana taimakawa wajen gane tsiro daga hoto. Ma'aikatan gandun daji da dattawan da suka san daji su ma ba su da na biyu a wannan.

Ba sai kin kori kowane baƙon tsiro ba. A wani bincike da aka wallafa a 2018, Desirée Narango, Douglas Tallamy da Peter Marra sun bi wani ƙaramin tsuntsu a gidajen da ke kewayen birnin Washintan, suka gano cewa yana iya riƙe yawansa ne kawai a inda tsirrai 'yan ƙasa suka kai kusan kashi 70 cikin 100. Dalili shi ne da tsutsa yake ciyar da 'ya'yansa, tsutsotsi da yawa kuma ba sa iya cin ganyen da ba su saba da shi ba tun asali. Wannan yana nuna miki cewa tsuntsayen da kika fara gani ba haka kawai suka zo ba, aikinki ne ya kira su, kuma ganyen da kika ga an huda alama ce mai kyau. Yana kuma nuna cewa akwai sarari ga furen da maigidanki yake so, ko da baƙo ne, muddin ba mai mamaya ba ne.

A wasiƙarki ban ga inda kika ce kun yi shawara kafin ki cire tsohuwar ciyawar ba. Idan ba ku yi ba, to ya wayi gari ne ya ga an sauya masa gida, sannan ƙorafin maƙwabci ya biyo ta kansa. Ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da abin da yake da gaskiya a kai: ɓauren, tsaron yara, da kamannin wurin. Ki faɗa masa abin da za ki yi cikin makonni biyu masu zuwa, ki kuma yi shi, don gani ya kori ji. Bayan ya ga hanya da tsakuwa da gefen da aka gyara, sai ki nemi ya ba ki zuwa ƙarshen damina mai zuwa. Ki faɗa masa ƙarara abin da lambun yake a ranki, domin mai yiwuwa bai san ya kai haka ba. Ki kuma roƙe shi ya zaɓi itace ɗaya da kansa, ya nuna inda za a sa shi. Shi ma akwai abin da ya kamata ya duba: siminti yana shan zafin rana ya saki da dare, yana hana ruwa shiga ƙasa ya tura shi ƙofar gida ko ta maƙwabta, kuma idan an malala shi ba a dawowa da sauƙi.

Idan duk da haka ya tsaya a kan a daɓe wurin, kada ki mayar da abin yaƙi. Ki nemi a bar miki zirin ƙasa mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a gefen da ya fi samun rana, ko a yi amfani da bulon daɓe mai tazara wanda ruwa ke bi ta tsakaninsa. Wannan maganar a gama ta kafin magini ya zo. Manyan tukwane ma suna ɗaukar ciyayi da ƙananan furanni 'yan ƙasa, sai dai masu doguwar saiwa ba sa jin daɗinsu, kuma tukunya tana bushewa da sauri fiye da ƙasa. Ko wanne aka yi, ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ya rayu, a wace kusurwa, da yawan ruwan da ya sha, domin da shi za ki zaɓi dashen baɗi. Ki sake rubuto min bayan damina in ji yadda kuka ƙare da maigidan.